Gammo a Gindin Ganuwa

Wata maƙwabciyata da ta dawo daga gida kwanan baya ta shigo gaishe ni, ta miƙo mini wayarta wai in ga kasuwarmu. Na duba, na ƙara dubawa, na ce mata wannan ba kasuwarmu ba ce. Ta rantse ita ce. An rushe rumfunan an ɗora bene, an malala siminti har bakin kwata, ga kekuna masu ƙafa uku suna ta kai da kawo da kayan mutane. Na ce ta ƙaro mini sautin. Ban ji komai ba sai injuna da hon. A cikin duk matan da suka gifta ban ji wadda ta ce a ɗora mata ba, ban ji wadda ta ce a sauke ta ba. Na mayar mata da wayarta na ce Allah ya sa albarka. Da ta fita sai abin ya tsaya mini a rai, har na ga gara in faɗi abin da na sani tun ina da bakin faɗa.

A zango na tashi, unguwar Hausawa, a wani gari na bakin teku a Gana, a hannun kakata mai koko. Ba agogo ke tashin mu ba. Ƙarar ludayinta ce a bakin tukunya, sai kakin maƙwabcinmu wurin alwala, sai can gangare muryoyin masunta suna jan taru da waƙarsu wadda har na girma ban san abin da take cewa ba. Kafin rana ta fito an tace gasara, an soya ƙosai, mu 'yan mata mun jeru a zaure kowa da tsohon zane a hannu. Zanen nan ake murɗawa a naɗe ya zama gammo, kuma naɗin gammo shi ne karatun farko da aka koya mini. In ya yi laushi kaya su nutse su ci miki tsakar ka, in ya yi tauri su zame. Kaka takan sa yatsa ta danna nawa, in bai yi mata ba ta warware ta jefo mini. Da aka fara ɗora mini, tafiya nake ina leƙen ƙasa, koko yana zubo mini ta bayan kunne. Sai ta ce, "Daina kallon ƙafarki, ta san hanya. Zaɓi abu guda can gaba ki sa masa ido, ki je ki same shi." Ban ƙara zubar da ko cokali ba, sai dai ranar da akuya ta shiga tsakanin ƙafafuna.

Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne, kaya in sun kai kaya ba mai iya ɗora wa kansa, kuma ba mai iya sauke wa kansa. Saboda haka akwai ƙa'ida, ba wanda ya rubuta ta, ba kuma wanda na taɓa gani ya karya ta. In kin iso inda za ki, sai ki tsaya ki ce, "A sauke ni." Ba ki kiran sunan kowa, ba ki lanƙwasa murya, domin ba roƙo ba ne. Duk wanda ya fi kusa zai ajiye abin da yake yi ya zo. Ko matar da kuka yi dambe jiya a bakin famfo, za ta zo ta tsaya gabanki, ta kama bakin daro, ku durƙusa tare har ya taɓa ƙasa, sannan ta juya ta ci gaba da gabarta. Matan masunta da ba su jin Hausa ko ta sayen gishiri sun san kalmomin nan. Kuma saukewa tana da hannu: ba a ja, ba a fizga, ba a ɗauke wa mutum kayansa. Mai saukewa raka ki take yi zuwa ƙasa, nauyin yana tsakaninku. Wadda ta fizga don nuna ƙarfi, ita ke karya wa mutane wuya.

A gindin wani farin gini muke talla, tsohon sansanin Turawa mai kaurin bango, igwoginsa suna kallon teku. Kaka ba ta taɓa bari mun shiga ba. Ta ce ta nan aka bi da mutanenmu na arewa zamanin cinikin bayi, ba wanda ya dawo ya ba da labari. Ta yarda mu sayar a inuwarsa, amma ta hana mu jingina da shi. A nan na yi 'yanmatancina, a nan na yi talla da goyo. Goyon nan ita ce 'yar farina, wadda ba na kiran sunanta, don haka a nan ma Lami zan ce mata, ranar da aka haife ta ke nan. Tun tana iya ƙuguna take ɗage tana son kama bakin daro, da tsawonta ya kai kuwa ba wanda ke riga ta sauke ni da yamma.

Daga baya rabo ya kawo ni New York, Lami ta biyo ni, ta yi karatun jinya, ta yi aure, suka zauna a unguwar Park Hill can tsallaken ruwa. Ni kuwa na shekara da shekaru ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ina wanke su, ina ba su abinci a baki. Aikin nan ya nuna mini yadda ake tattara mutum a ƙasar nan, kuma kullum bi da bi abin yake zuwa. Da fari a kawo sanda. Sai a kawo kujera mai taya, a ce don tafiya mai nisa ce kawai. Sai wata rana ka ga an cire maballan murhu an sa a aljihu. Daga ƙarshe wani ya karɓi mabuɗi, wai zai adana. Babu mugunta a ciki ko kaɗan, 'ya'ya ne masu son iyayensu, da hawaye suke yi. Shi ya sa yake da wuyar ƙi.

Nawa ya fara ne da hunturun da santsin ƙanƙara ya kwashe ni a ƙofar gininmu a titin Grand Concourse, na tsage a wuyan hannu. Kafin a cire ɗauri sanda ta iso. Daga nan Lami ta shiga zancen ɗakin da ta gyara mini, da gado mai ƙarfe a gefe, da maƙalli a banɗaki. Wai in bar ɗakina in koma wurinsu. Ɗakin da nake jin gurnanin jirgin ƙasa ta ƙarƙashinsa in san gari ya waye, ɗakin da 'yan zango marasa aure ke cika mini ran Juma'a don wake da shinkafa, ɗakin da in na rufe ƙofa ba mai tambayata ko na sha magani. Na ce a'a. Ta ce to, amma to ɗin ma'aikaciyar jinya ce, na san irinta.

Da zafi ya shigo sai ta ɓullo da wata dabara. Ta bugo waya ta ce, "Mma, shekara nawa kina garin nan ba ki taɓa ganin shi ba? Ran Asabar mu fita yawo, mu shiga feri, jirgin ruwa, mu je wani tsibiri, akwai tsohon ginin soja. Ki taho da kayan kwana, daga can sai mu wuce gida tare." Rabin maganarta gaskiya ne. Ni a garin nan ɗakunan tsofaffi na sani da cikin jirgin ƙasa. Amma na san kuma wanda ya tafi kwana da jaka a irin wannan tafiya ba ya dawowa. Ban ɗauki ko ɗankwali na canji ba. Na dafa wake da shinkafa, na soya kifi, na zuba shito, soyayyen yajinmu na Gana, a kwalba, na shirya duka a babban darona na tangaran da na taho da shi daga gida, na ɗaure da zane, na sa a ɗan keken jan kaya da nake zuwa kasuwa da shi, na ja abina zuwa tasha.

A ƙarshen Manhattan muka haɗu, inda jiragen ruwa ke tsayawa. Ga Lami, ga 'yan matanta biyu, ga mijinta, mutumin kirki mai tuƙin tasi wanda tunda ya auri 'yata bai taɓa haɗa ido da ni ba. A hannunsa kuma ga kujera mai taya a naɗe, yana riƙe da ita kamar wanda aka kama da kayan sata.

Na ce, "Wa ya karye?"

Lami ta ce, "Mma, filis. Aro na yi, ko da za ki gaji. Ina jakarki?"

Na nuna mata daro na ce ga ta nan.

Mun ga gari, ba zan ce ba mu gani ba. Mun ga benayen da in ka ɗaga kai ɗankwali ke zamewa. Mun ga wani bijimin tagulla da mutane suka yi wa layi suna shafawa ana ɗaukar su hoto, mutanen da da gani ko akuya ba su taɓa kiwo ba. Yaran suna ta yi mini bayani da Turanci, ina amsa musu da Hausa, kowa ya gane kowa. Amma Lami ba gari take kallo ba, ni take kallo. Tana lura da numfashina, tana lura da yadda nake ɗaga ƙafa. Ni kuma sanda ta mai da ni abin da Kaka ta hana: ina tafe ina leƙen ƙasa ina neman inda zan dasa ta. A bakin wani titi na yi tuntuɓe, kaɗan ne, ban faɗi ba. Sai na ga Lami ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi takalminsa. Kallon nan ya yi mini ciwo fiye da tsagewar hannu, domin na sha ganin ana yin sa a kan wasu, ina tsaye a gefe da tawul.

Da muka shiga jirgin tsibirin iska ta bugo ni da warin gishiri da na kifi, irin wanda rabona da shi har na manta ina kewarsa. Can nesa ga ƙaton mutum-mutumin koriyar matar nan mai ɗaga tocila, kowa ya ruga gefe guda yana ɗaukar ta. Ni idona na kan tsibirin. A bakin ruwa, ta hannun dama, ga ginin a tsaye, ja, zagayayye, da ƙananan tagogi jeri bisa jeri. Ba fari ba ne kamar namu, amma kaurin bangon ɗaya ne. Surukina ya ce an gina shi ne don tsare gari, daga baya aka mai da shi kurkuku. Na ce haka suke, da tsaro ake farawa.

Wurin sauka ne tayar kekena ta faɗa wani tsagi tsakanin ƙarfen jirgi da gada, na ja, ta ɓalle, ta gangara ta faɗa ruwa. Muka janyo shi gefe da ƙafa ɗaya. Surukina ya ɗaga daron ya rungume, ya yi taku kaɗan man shito ya fara bin rigarsa, domin daro ba shi da mariƙi, ba don runguma aka yi shi ba. Sai Lami ta buɗe kujerar nan, ta buga mazauninta da tafin hannu.

Ta ce, "Shi ke nan, ya zo da sauƙi. Mma ki zauna, a ɗora miki a cinya, mu tura ku gaba ɗaya. Ai kin gaji paa, sosai ma."

Da murmushi ta faɗa, kuma na san har zuciyarta taimako take nufi. Amma na san in na zauna a kujerar nan a gaban 'ya'yanta, da abincina a cinya kamar jaririn wani, an gama magana. Daga tsibirin sai Park Hill, mabuɗina kuma sai aljihun wani. Na jingine sandar a jikin kujerar. Na zare mayafina na murɗa, na naɗe, na danna da yatsa. Hannuna bai manta ba, har wanda ya tsage. Na ɗora a ka, na juya wajen surukina na ce, "Malam, a ɗora mini."

Lami ta ce, "Kada ka soma. Dakta ya ce balans ɗinta ba kyau."

Bawan Allah ya tsaya tsakanin matarsa da surukarsa, zufa tana keto masa. Amma shi ma ɗan zango ne, uwarsa da tallan tuwo ta raine shi, kuma ban taɓa neman komai a wurinsa ba sai ranar. Ya ce, "Ki yi haƙuri, ba zan iya ce wa Mma a'a ba." Na ɗan durƙusa, ya ce bismilla, daro ya zauna.

Ba zan yi ƙarya ba, da nauyin ya sauka mini sai da na ga wuta. Wuyan da na sani ba shi ne wannan ba. Amma bayana ya miƙe da kansa, yadda bai miƙe ba tun faɗuwar nan, haɓata ta ɗagu, ƙasa ta ɓace mini. Na zaɓi ƙofar jan ginin na sa mata ido. Na tafi. Ruwa na dukan duwatsu ta damana, tsuntsayen teku suna kuka, zanena yana kaɗawa, kuma na ɗan lokaci ban san a wace gaɓar teku nake ba. Ina jin ƙarar kujerar a bayana, Lami na tura ta ba kowa a ciki. Masu kekuna suka riƙa kaucewa. Wasu suka ɗaga wayoyi, wata Baturiya har da tafi. Ban kula su ba, ba don su nake yi ba.

Na iso gindin bangon na tsaya. A nan ne abin da ban lissafa ba ya same ni. Tafiyar ta ƙare, saura saukewa, kuma wuyana ya fara rawa, rawar da nake ji har cikin haƙorana. Gwiwoyina suna gaya mini in na ce zan durƙusa ni kaɗai, da ni da daro tare za mu zube, a gaban kowa, Lami ta sami shaidar da take nema. Bango na kusa, taku ɗaya in jingina. Ban jingina ba. Mutane sun kewaye ni suna murmushi da wayoyinsu, a zatonsu wasa nake nuna musu, ba ɗaya da ya san abin da ake yi wa mace in ta tsaya haka. Surukina ya taho da sauri, Lami ta sa hannu ta tare shi. Tana tsaye riƙe da kujerar, fuskarta a murtuke, tana jira in ce na kasa.

Ban ce na kasa ba, domin ban kasa ba, na iso. Ban kuma kira sunanta ba. Na kalli gaba, na faɗa da muryar da nake faɗa a gindin wancan farin ginin, ba sama ba ƙasa ba.

"A sauke ni."

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, a wuyana dai ya yi tsawo. Sai na ji an saki kujera. Lami ta zagayo ta tsaya a gabana, daf da ni, ta kama bakin daron hannu biyu. Na zaci za ta fizge shi irin na asibiti, ta raba ni da shi. Ba ta ja ba. Ta ce bismilla can ƙasa, ta jira ni, muka lanƙwasa gwiwa tare, nauyin yana tsakaninmu, har gindin daro ya taɓa ciyawa. Ko ɗigon mai bai zuba ba. Muna durƙushe fuska da fuska na ga idonta ya cika.

Ta ce, "Mma, wuyanki rawa yake yi. Ina kallo tun daga can."

Na ce, "Na sani, a jikina yake."

"To me kike so in yi? In zauna ina jira a bugo mini waya a ce kin faɗi?"

Na ce, "Abin da kika yi yanzu shi nake so. Ki bar ni in ɗauki abina in kai inda za ni. In na ce a sauke ni, ki zo. Kada ki riga ni faɗa."

 Ta ciro gammon daga kaina, ta danna shi da yatsa kamar mai neman aibu, ta warware ta yafa mini. Muka baje a ciyawa muka ci abinci, yaran suna cewa shito ya yi yaji suna ƙara ɗiba. Daga baya suka shiga ginin da ubansu su ga ɗakunan fursuna. Ni na ce na gode, daga waje ma na gane shi. Lami ta zauna tare da ni, muna kallon ruwa. Da za mu koma, daro ne ya hau kujerar, shi aka tura har cikin jirgi. A Manhattan suka nufi nasu jirgin ruwan, ni na nufi tasha da sandata da darona a hammata, Lami ba ta ƙara tambayar jakar kwana ba.

Ban ƙara ɗaukar kaya a ka ba tun ranar, wuyan ya yi mini kwanaki yana ƙorafi, kuma na ji maganarsa. Sanda ma yanzu na saba da ita, sai dai ba na kallon inda nake dasa ta. Gadon mai ƙarfe yana nan a Park Hill, na ji an ce babbar jikata ke kwana a kai. Lami tana bugowa kullum da safe, ta gaishe ni, ta yi shiru kaɗan, na san abin da take saurare. Kasuwarmu ta tafi, masu saukewa sun tafi, wataƙila ni da ita ne muka rage a garin nan da muka san yadda ake yi. Ranar tana zuwa, ba na musu, kuma in ta zo ba zan ji kunyar faɗa ba, na san akwai mai ji. Amma mabuɗina yana ɗaure a bakin zanena, ran Juma'a akwai wake a wuta, kuma ban faɗa ba tukuna.